Matakin Farko

Tocilar Babana ta mutu daren Laraba.
Ba ƙwan ne ya ƙone ba, batir ma lafiya lau,
uku na gwada, sababbi fil.
Da na kwance kanta na leƙa
sai ga ɗan koren allon, bai fi sulai faɗi ba,
da baƙin tabo a gefe, yana warin ƙonanniyar roba.

Shi ya ƙera ta, shekarar da ya bar gyaran injin jirgin fito:
guntun bututun tagulla, gilashin tsohon agogo,
makunni a wutsiya mai mataki huɗu.
Na huɗun, ya ce, ko yaro zai iya.
Na farkon ne ya cinye masa wata biyu,
yana ragewa, yana ƙara ragewa,
har ya koma kamar farin wata ta bayan labule.

Da shi nake duba Mama ƙarfe ukun dare,
in ga hawa da saukar ƙirjinta,
in karanta rubutun kwalbar magani,
in koma tabarmata ban taɓa barcinta ba.

Da hantsi na sauka Sham Shui Po,
allon a ƙulle cikin hankici.
Titin Apliu, rumfa na dafe da rumfa,
wayoyi a rataye kamar taliya,
kowa haske yake sayarwa, mai yawa, mai zafi.
Wani ya dalla min nasa a ido tsakar rana,
na yi ta ganin koren ɗigo har ƙarshen layi.
Na wani yana walƙiya, yana kiran agaji.
Na wani yana raguwa, amma da kukan sauro,
hasken na rawa kamar mai jin sanyi.
Na samu guda da ya yi min,
milimita uku ta hana shi shiga.

Sayi sabuwa mana, ta fi araha, in ji wani yaro.
Na ce masa ba tocila nake nema ba.

Hawa na huɗu, bayan shagon masu gyaran fanka,
na tarar da Mok Fung-yee, madubi ɗaure a goshi,
shayinta ya huce tun safe.
Ta juya allon da hantsaki, ta daɗe.
Ta ce, mai wannan likin hannunsa na rawa,
amma bai san gaggawa ba.
Ban ce komai ba.

Ta jawo akwati na goma sha ɗaya,
allo mai milimita goma sha bakwai cif.
Ta ɓamɓare wani abu kamar ƙwayar riɗi,
ta dasa wani, hayaƙin dalma ya tashi siriri.
Na danna. Ban ga komai ba.
Ta yi dariya ta tura ni ɗakin ajiya, ta rufe ƙofa:
ki jira idonki ya sauko.

Na jira cikin warin kwali da ƙura.
A hankali tafin hannuna ya fito,
sai zanen da ke cikinsa,
sai ɗan tabon wuƙa na shekarar da na fara girki.

Ƙarfe uku na tsaya a kan Mama.
Idonta biyu.
Ashe kin gyara ta, Wai-kuen, ta ce.
Kwana shida ke nan ban ga wucewarsa ba.
Wannan ya ɗan fi na da haske,
amma bar shi haka.

Ta juya ta fuskanci bango.
Na tsaya riƙe da tagullar har ta yi ɗumi,
ƙasa can motar kifi ta wuce,
ban kashe ba.