Hanta Ba Ta Ƙarya

Tun ina ɗan shekara tara nake riƙe wa Baba ƙafar dabba
a mahautar Talata Mafara, gari bai gama wayewa ba,
shi yana fiɗa, ni ina korar ungulu.
Bai sa ni boko ba. Karatun hanta ya koya mini.

"Matso, Jatau, ka gani.
Ragon Gwamma ne, ta can bakin Bakalori.
Harawa ya ci, da kowar wake,
da 'ya'yan gawo in rani ya tsananta,
ya lashi kanwa a fasasshen kasko,
ya yi yawon fadama har kofato ya side.
Shekara biyu tana kiransa da suna."
Hantar ja ce wur, sumul, ba tabo ko ɗaya.
Tsoka ta riƙe ƙashi kamar mai bin bashi.

Sai ya ja ni gaban wani sa
da aka tura wa ƙiba cikin kwana arba'in:
ƙwaya a ruwan sha, allura a wuya,
turke ɗaya, bai san launin ciyawa ba.
Ga girma, mashallah, ido ya ƙoshi.
Amma ɗora shi kan wuta ka ji yana kuka,
ruwa na tsiyaya, garwashi na mutuwa,
tsinken tsire guda ya koma rabi.

Na ce, "Baba, ashe magani haramun ne?"
Ya goge wuƙa a cinya, ya yi dariya.
"Wa ya faɗa maka? Dabba ta kwanta, a kira malamin dabbobi.
Amma a jira maganin ya bar jikinta
kafin a kai ta ga wuƙa.
Mai gaggawa ne ke sayar wa mutane sauran allura."

Yau shekara shida da muka kai Baba makwanci.
Ran Talatar da ta wuce wani saurayi ya sauko daga mota,
takalmi fes, yana tsallake jini,
wai naman oganik yake nema, mai takarda da hatimi.
Na tambaye shi ma'ana. Ya lissafa:
ba taki na kanti a ciyawa, ba feshi, ba ƙwayar ƙiba,
dabba ta sha iska, ta taka ƙasa.
Na ce, "Yaro, Gwamma kake nufi.
Sai dai ba ta da hatimi, ko sunanta ba ta rubutawa."

Ba zan ɓoye ba, duka biyun ke kan teburina.
Mai naira ɗari biyar da baki bakwai a gida
ba ya tambayar abin da sa ya ci,
ni kuma ba na ganin laifinsa.
Abu ɗaya na gada ban da wuƙa da masaba:
in an tambaye ni, nakan faɗi wanne ne wanne,
in ba a yarda ba, in ɗago hantar.