Ruwan Tsami

Shekara talatin ina dama koko a Aboabo.
Ruwan tsamin da ya kwana kan gasara,
kwata nake ba, ita ce mai rabo.

Sai ga Zuwaira da jarka biyu,
'yar da na goya ina tace gero.
Ta ce, "Mma, kar ki zubar, baƙina na jin yunwa."
Na ce, waɗanne baƙi ne ba sallama?
Ta ce, "Bakteriya. Ido ba ya ganinsu.
Dubu za su zauna a tsinin allura
su bar wa maƙwabta wuri."

Ta hau tirotiro zuwa Tek,
jarka tsakanin ƙafafu,
yaron mota ya toshe hanci, ya karɓi kuɗin mutum biyu.

Ranar Laraba ta kai ni.
Tulun ƙarfe na gurnani ƙasa-ƙasa,
an rufe bakinsa gam, wai iska ce ajalinsu.
Ba albashi, ba hutun Juma'a,
ɗumi kawai, irin na kaza kan ƙwai.
Suna cin tsami suna ƙulla shi
guntu kan guntu, kamar mai kitso tana ƙara zare,
har ya zama mai, ya taso sama.

Ta buɗe 'yar kwalba, na sunsuna.
Bunsuru! Bunsurun Malam Ɗanjuma sak.
Ta yi dariya har gilashinta ya zame:
"Warin nan masu masana'anta ke nema,
a turare, a man inji.
Ludayi ɗaya ya fi cinikinki na safe."

Na yi shiru. Na tuna watan da aka ɗauke wuta,
tulun ya huce, baƙin suka mutu,
ta dawo ta kasa cin tuwo
kamar mai zaman makoki.

Ni ban yi boko ba,
amma tun a gaban kakata na sani:
abin da ya kwana a jiƙe
ba ya tashi yadda ya kwanta.
Ashe wasu ne ke aiki cikin duhun roba,
ba mu taɓa yi musu sannu ba.

Yanzu da asuba, kafin in hura wuta,
nakan tsiyaye ruwan a hankali cikin jarka,
in ɗaure bakin da leda.
Kwata ta rame.
Jiya na ce wa Zuwaira, in ta isa
ta gaishe min da baƙin,
ta tambaye su ko tsamin ya yi.