Bayan Gaisuwa Mai Yawa

Kubura ta turo min hoton wata takarda ta waya
daga garin da take karatu, can Amurka.
Takardar ta yi ja kamar ganyen goro.
Ta ce, Kaka, ta haura shekara ɗari da hamsin,
tsaya in juya maka abin da ke ciki.

Wani manomi ne ya rubuta wa ƙanensa.
Alfadarinsa ya gurgunce ana gab da girbi.
Tarin inna bai sake ta ba.
Mutumin da suka zaɓa bara
ya shiga majalisa, ya mance da gadar da ya yi musu alkawari,
in zaɓe ya zagayo, ko da rarrafe sai ya je ya kā da shi.
Ana raɗe-raɗin yaƙi,
amma shi tsadar gishiri ce ke hana shi barci.
Can gefen takarda, a karkace, da wuri ya ƙare:
in ka sami mai zuwa, aiko min da takalman nan.

Na yi dariya har tabarau ya zame min.
Na ce, Kubura, ai na san mutumin nan.
Shekara talatin da ɗaya yana zama kan bencina
a inuwar dalbejiya, bakin babban gidan waya na Kaduna,
suna kawai yake sauyawa.

Su ne masu baki, ni ne mai biro.
Kwabo goma takarda, ambulan da kan sarki daban.

Dogara na masaƙar Kakuri
yakan zo da auduga maƙale a gira.
Rubuta: an rage mana kwanakin aiki.
Rubuta: sojoji sun karɓa, mun ji a rediyo da asuba,
kada a sayar da karsanar nan sai na zo.
Numfashi ɗaya ya faɗe su,
juyin mulki da karsana,
ni kuma ban ga dalilin sa aya tsakaninsu ba.

Kande mai tuwo a tashar Kawo
da zagin kansila take buɗe tata,
ta rufe da tambayar ko autarta ta yi haƙori.
Wata rana ta tsaya a tsakiyar zance,
ta dubi ƙasa, ta ce, soke wannan,
kada tsohuwa ta ji ta kasa cin abinci.
Na soke.
Har gobe ina sane da abin da na soke.

Manya na can suna jawabi, jarida na kwashewa.
Mutanena kuwa, ƙasa ta ƙofar madafa take shigo musu,
ta bakin mudu,
ta takardar sallama daga aiki,
ta kuɗin mota zuwa gida da ya ninka kafin salla.

Yanzu masaƙa ta yi shiru, ciyawa ta cinye harabarta.
Bencina ya daɗe da shiga murhu.
Dubban takardun da hannun nan ya rubuta
suna ƙasan adaka a ƙauyukan da ban taɓa takawa ba,
waɗanda gara ta raga wa.
Ba wanda ya sa su a gilashi.

Na ce, to, takalman fa, sun iso?
Ta ce ba a sami amsar ba, Kaka.
Na ce, haka abin yake.
Karsanar Dogara ma an sayar,
ni na karanta masa, a bencin nan, ranar wata Laraba,
ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu
ya tambaye ni ko an sa ranar zaɓe.

Kubura, in kin sami sarari,
nemi biro ki rubuto min da hannunki.
Faɗa min sanyin garin, da abin da ake cewa kan masu mulkinsu,
da nawa ake sayar da albasa.
Abin da kike bukata kuwa,
sa shi a gefe, a karkace.
Nan nake fara dubawa.