Gobe Ma Ra

A bayan gidan marigayi Mantau Direba,
can hanyar Mai'aduwa, inda zaizaya take gutsurar kwalta,
wata tsohuwar akori-kura ta durƙusa,
damina goma sha ɗaya,
kamar raƙumin da aka manta a ce masa ya tashi.
Tayoyi uku sun nutse a rairayi.
Ta huɗun tana jikin darbejiya, yara na lilo da ita.

Sallau, ɗansa, ya ce dubu ɗari tara, ba ragi.
Na ce bari in zaga.

Na zaga.
Tsatsa ta ci ƙofar hagu har ina hango ta dama.
Zanzaro ya yi gini a lagireto.
A kujerar direba kaza ta kwanta kan ƙwai shida,
ta dube ni da ido ɗaya
kamar mai takardar fili a hannu.
A goshin motar, rubutun da rana ta lashe rabinsa:
GOBE MA RA
sauran ya bi ruwa.

Ƙanena Barau ya tsuguna, ya ɗauki tsinke,
ya shiga lissafi a ƙasa.
Giyabos, akwai mai nema a Kano.
Sifirin, maƙera za su yi rububinsa, fartanya ashirin ce a ciki.
Abin da ya rage a ɗora a sikeli,
'yan gwangwan su biya kilo-kilo.
"Yaya, saniya ce ta faɗi,
a sa wuƙa tun da sauran amfani.
Gyara? Sai ka sayar da gonar Sandamu
ka zuba a tulun da ba gindi."

Bai yi ƙarya ba.
Abin haushin ke nan.

Amma Barau yana goye lokacin da nake riƙe wejinta.
Bai san nauyin katakon nan ba
a hannun yaro ɗan sha uku, a gangaren Zango,
buhu arba'in na gero suna neman komawa inda suka fito.
Bai ga daren da fambel ya tsinke ba,
Mantau ya zare mazagin wandonsa ya ɗaure injin,
ya shigo Daura hannu ɗaya a sitiyari,
ɗaya a ƙugu,
ni a baya ina haɗiye dariya don kar in sha ranƙwashi.

Wannan kilo nawa ne?
Ban tambaya ba. Na san zai amsa.

Na buɗe bonet da ƙyar, ya yi kukan tsohuwar ƙofa.
Mantau ya sha faɗa mini:
injin da ya ƙame gawa ne,
wanda ya juya barci yake.
Na kafa sifana, na tofa yawu a tafi,
na yi bismillah, na danna.
Shiru.
Na sa ƙafa, na sa nauyin shekara hamsin da biyu.

Ya motsa.
Faɗin ɗan yatsa, ko ƙasa da haka.

Barau ya ce sifanar ce ta zame.
Wataƙila.
Ni ma kafaɗata ba ta rantse mini ba.

Sallau yana kaɗa makullin da ba ya buɗe komai.
Na ce masa: ka ga mai ɗakin can?
Ba a tashin mai jego.
Bari ta ƙyanƙyashe.
Ran da 'yan tsaki suka sauko,
zan zo maka da batir, ko in zo da sikeli.

Muka hau babur, Barau na ta ƙunƙuni a bayana.
Har muka wuce tasha ina ƙirga haruffan da suka ɓace.
Huɗu ne kacal, gwangwanin fenti ɗaya ya isa:
NA CE.

To, ban dai ce ba tukuna.