Kaset ɗin Kawu Jatau

Kwana arba'in da rasuwarsa, a Kakuri,
aka miƙo mini akwatin Kawu Jatau:
katin ma'aikacin masaƙa, tocila marar batir,
da kaset ɗin da damina ta lashe sunansa.

Na kai wa Barau mai gyaran rediyo a Kasuwar Barci.
Ya zura biro, ya naɗe zaren a hankali,
ya danna.
Jita ta kece kamar ana yankan kwano,
ganguna suka biyo ta a guje,
wani Bature na ihu da muryar mai mura.

Barau ya ce, "Ai wannan ta yi ta ɗaya a Ingila,
makonni tana sama, an rasa mai ture ta.
Samari huɗu ne, gashi har kafaɗa."
Na ce, me suke faɗi?
Ya ce, "Oho. Kawunka ma bai sani ba."

Amma na tuna shi da asuba,
ya taso aikin dare, auduga a gira,
yana tura keke a kan gada,
kogi a ƙasa yana harkar gabansa,
shi kuwa yana rera ta da kalmomin da ya ƙera,
rabi Hausa, rabi ba yaren kowa ba.
Ya kan ce haka injinan saƙa suke bugu
lokacin da ake biyan albashi.

Ana tsakiyar amshi zaren ya tsinke.
Barau ya yi tsaki, ya hau laluben salatif.
Ni na ƙarasa ta da baki,
daidai yadda Kawu ya ɓata ta.