Tiraka

Wata uku ke nan wayata na rantsuwa
motata na kan gadar Kawo,
alhali ga ta a ƙofar gida, Unguwar Dosa,
kaji na shan inuwa ƙarƙashinta.

Na kai wa Sagiru a Panteka.
Ya zaro abin, bai fi kwalin ashana ba,
ya shinshina, ya ce ya sha ruwan Agusta.
"Gyara dubu takwas, amma ban yi alkawari ba.
Sabuwa talatin da biyar."

Na tsaya ina lissafi da kuɗin makarantar Nusaiba.
Mai gadin da ya taɓa yi maka ƙarya,
ko ya tuba, za ka iya barci?

Na ce ya sa sabuwa.
Tsohuwar tana aljihuna.
A saninta, har yau ina Kawo.