Ƙararrawar da Aka Cire wa Harshe

In ka bar Kejetia da hantsi,
mota ta sauke ka inda kwalta ta gaji,
sai ka taka, jar laka har idon sawu,
ka ratsa gonar koko da ta tsufa ta daina haihuwa.
Ga benen nan.
Kwanon rufinsa ja kamar tukar goro.
Ni ke riƙe da makulli. Gado na yi.

Kakana Nagoma, ɗan Zango, shi ya fara tsaron ƙofar,
da kulki, da buta, da fitilar ƙwai.
Daga bakinsa na ji,
kada ka wahala neman sa a littafi.

Maigidan, Ignatius Boakye-Dankwa,
koko ya ba shi bene, Roma ta ba shi suna.
Ya sayo wa cocinsu ƙararrawa daga bakin teku.
Nana na garin ya ce kwana arba'in ba amo,
kakanni na hutawa.
Lahadi suka buga.
Litinin aka hau aka cire mata harshe.
Tun ranar gari ya tsage:
masu zuwa fada, masu zuwa wurin Fada,
suna ɗaya, ba sa shan ruwa a ƙwarya ɗaya.

Su bakwai ne, a ɗakin sama mai tagar katako.
Suka rantse da carbi mai gicciye.
Albarushin maharba, tulu uku,
an naɗe da ganye kamar huhun goro.
Kakana ya ɗauki ɗaya a ka, ya ce,
"Goron nan ba ya ƙanshin ruwa."
Aka damƙa masa sule biyu. Ya yi shiru.
Shirun ya zauna masa a ƙirji har ya zama tari.

Ƙarƙashin gadar katako aka nufa,
ranar da maza huɗu za su ɗauko Nana a kafaɗa,
ga laima, ga zinariya, tambura na kiran kakanninsa.

To amma Kwaku Sebastian, ɗaya cikin bakwai,
ƙanensa ke riƙe da kafaɗar hagu ta gaba.
Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar.
Daren jajibere ya tarar da shi yana wanke ƙafa,
ya ce, "Gobe ka ce bayanka na ciwo."
Kalma shida.
Su suka jiƙa tulu uku, ba ruwan sama ba.

Mata na nan ƙasa, inda kake tsaye.
Kyandir ya ƙare, sun kunna aci-balbal.
Maame Afrakoma na jan carbi, kunnenta na gada,
tana jiran ƙara, tana roƙon kada ta ji ta.
Ba ƙara. Kwaɗi kawai.
Kakana na alwalar asuba
yaro ya iso yana tura keke, sarƙa ta tsinke.
Bai ce kome ba. Ya zauna a ƙasa.
Matan suka gane.

Ɗaga tabarmar nan. Ka ga ramin?
Kwana tara maigida ya yi a ciki, a duƙe,
shi da ɓeraye da buhunan wofi.
Kakana ke miƙa masa dafaffiyar ayaba cikin duhu, ido rufe,
don in 'yan fada sun tambaya
ya ce "ban gan shi ba", bai yi ƙarya ba.
Rana ta goma yunwar haske ta fito da shi.

Ba a kashe kowa ba, in ji kaka.
Tumaki goma sha biyu, rabin gona, da kora.
Ya mutu a Sekondi yana auna wa wani koko.
Nana ya rayu har haƙoransa suka zube.

Yanzu jikokin fada da jikokin Fada
mota ɗaya ke kawo su, su ɗauki hoto a baranda,
su tambaye ni wa ke da gaskiya.
Nakan nuna musu ƙararrawar, ga ta can a kife,
kaza na ƙwai a gefenta.

Sule biyun suna cikin gwangwanin taba a ɗakina.
Bai kashe ba, bai yi sadaka da su ba.
Ni ma na rasa yadda zan yi da su.
Sidi goma ne kuɗin shiga.
Bi a hankali, matakala ta huɗu ta ruɓe.